Inda na kai wajen bin salsalar kiɗan rawar Ayalan

'Yan uwa masu koyon busa sarewar ƙarfe da masu koyon jan goge irin na mutanen Ayalan, ina gaishe ku. A wannan zangon na rage yawan sababbin karuruwan kiɗa da nake ɗauka, na mayar da hankali ga wani aiki da ya fi cin lokaci: duk karin da zai shiga kundina sai na rubuta a ƙarƙashinsa wanda ya fara sa shi a takarda, da makaɗin da ya karɓa daga hannunsa, da irin rawar da aka yi shi dominta. Aikin ya canja yadda nake busa, shi ya sa nake so in shimfiɗa muku abin da na samu.

Mu fara da ƙirar karin kanta, domin ita ce shaidar farko. Mafi yawan karuruwan rawar Ayalan kashi biyu gare su, kowane kashi gaɓa takwas, kuma ana maimaita kowanne, sai zagaye ɗaya ya zama gaɓa 32. Wannan lissafi daga ƙafar mai rawa ya fito, domin a rawar mutum ɗaya ana yin taku na gaɓa takwas da ƙafar dama, sannan a maimaita shi da ta hagu. Karuruwan nau'i-nau'i ne: wanda ake kira jig yana tafiya a kan awo 6/8, akwai ɗan uwansa mai awo 9/8, ril kuwa bugu huɗu-huɗu ne masu gudana ba tsayawa. Honfaif ya fi ril nauyi da jinkiri, polka kuma tana kan 2/4 da zafin nama. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya ga yadda mai kalangu yake zuba ido ga ƙafafun masu rawa, yana ƙara wuta ko yana sassautawa gwargwadon takunsu, ya riga ya fahimci matsayin makaɗin Ayalan na wancan zamani.

Da yawa daga cikinmu mun shigo wannan fage da zaton cewa karuruwan nan sun shekara dubu, amma binciken masana ya nuna cewa mafi yawansu na ƙarni na 18 da na 19 ne. Jig shi ne babban yaya a cikinsu, kuma akasarin jig ɗin da ake busawa mutanen ƙasar ne suka ƙaga shi, wasu daga tsofaffin waƙoƙi da kiɗan tafiyar mayaƙa aka juyo su. Har an san sunan wasu masu ƙagawar, kamar Walker Jackson na yankin Limerick, mabushin algaitar salka wanda ya rasu a 1798, wanda har yau karuruwa da yawa suke ɗauke da sunansa. Ril kuwa baƙo ne daga Sikotlan, ya ƙetaro a ƙarshen ƙarni na 18. Honfaif daga Ingila ya zo. Polka ta taso ne daga Bohemiya a shekarun 1830, ta mamaye ɗakunan rawar Turai, ta iso ƙauyukan Ayalan ta haɗu da rawar kwadiril ta mutum takwas wadda ta fito daga Faransa, mutanen karkara suka sarrafa su biyun yadda ya dace da ɗakin girkinsu. Babu inda polka ta yi kaka-gida kamar Sliabh Luachra, tsaunukan da ke kan iyakar Cork da Kerry.

Waɗanda suka raba waɗannan kaya gida-gida su ne malaman rawa masu yawo. Arthur Young, Baturen Ingila da ya zaga Ayalan a shekarun 1770 yana nazarin noma, ya rubuta cewa rawa ta zama ruwan dare a tsakanin talakawa, kuma malaman rawa suna bin bukkoki tare da mabushin algaita ko makahon mai goge, ana biyansu sisi a wata uku. Malamin da ya zo da sabon taku yana bukatar sabon kari, makaɗinsa kuwa zai ɗauko shi duk inda ya same shi, ko daga bakin soja, ko daga ɗan ci-rani da ya dawo daga girbi a Sikotlan, ko daga wani littafi da aka buga a Landan.

Na gwada wannan da kaina a kan ril ɗin da ake kira Miss McLeod's, wanda kusan kowane mai koyo yakan ci karo da shi da wuri. Asalinsa na Sikotlan ne, an sa masa sunan wata baiwar Allah ta gidan MacLeod na tsibirin Raasay, kuma can a kan sautin A ake jan sa. Mutanen Ayalan suka sauko da shi zuwa G, inda ya zauna daram a kan algaitarsu da kuma sarewar D irin wadda nake riƙe da ita. Na ajiye rubutun biyu gefe da gefe, na saurari masu gogen ƙasashen biyu, sai na tarar ƙashin karin ɗaya ne amma tafiyar ta bambanta ƙwarai. Na Sikotlan yana fitar da kowane sauti a sarari, bakan goge yana kai da komo da kaifi. Na Ayalan yana haɗa sautuka cikin ja ɗaya, yana mirgina dogon sauti maimakon ya sare shi. Haka labarin The Boyne Hunt yake, wanda a Sikotlan aka ƙaga shi domin taron mafarautan Perth, haka kuma Rakish Paddy, wanda ya fito daga Caber Feidh na mabusan tsaunukan Sikotlan. A ganina wannan bai rage wa mutanen Ayalan komai ba, domin abin da ya mayar da karin nasu shi ne abin da hannuwansu suka yi da shi cikin shekara fiye da ɗari biyu, kuma wannan ɗin ne muke ƙoƙarin koya.

Sai batun masu tattarawa, inda na fi daɗewa. Littafin farko da aka buga na kiɗan Ayalan zalla shi ne na John da William Neal a Dabilin a 1724, mai karuruwa 49, kuma an shirya shi ne domin masu hali da ke kaɗa kayan kiɗan birni. A 1792 aka tara tsofaffin makaɗan haf, wato babbar garayar nan mai tsirkiyoyin ƙarfe da yawa, a birnin Belfast, aka ɗauki wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Edward Bunting ya rubuta abin da suke kaɗawa. Cikinsu akwai Denis Hempson, makaho da ya haura shekara casa'in, wanda shi kaɗai ya rage yana kaɗawa da dogayen farata irin na mutanen da. Bunting ya fitar da littattafai a 1796 da 1809 da 1840, kuma ba domin shi ba da kiɗan haf mai yawa ya bi masu shi kabari. Sai dai shi makaɗin coci ne da aka horar a kan kiɗan Turai na makaranta, ya shirya abin da ya ji domin fiyano, har wasu karuruwan ya ɗora su a kan sautukan da haf ɗin da ya ji su a kai ba za ta iya fitarwa ba. Ga mai neman kiɗan rawa kamar mu, Bunting ba shi da kaya da yawa, amma darasin da ke cikin aikinsa ya shafi duk wanda ya biyo baya: mai rubutawa yana rubuta abin da kunnensa ya saba da shi.

George Petrie, wanda littafinsa ya fito a 1855, ya yi aikinsa ne a inuwar babbar yunwar da ta fara a 1845 sakamakon cutar dankali, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kuma kori wasu kimanin miliyan ɗaya zuwa ƙetare. Ya ga yadda karkarar da aka sani da waƙa ta yi tsit, ya tashi haiƙan domin ceto abin da ya saura. Amma zuciyarsa tana ga karin waƙa na mawaƙa, bai amince da masu goge da algaita sosai ba, domin yana ganin suna jirkita kari. Wanda ya fi amfanar da ni a cikin mutanen wancan ƙarni shi ne James Goodman, limamin cocin Angilika da ya tashi a gaɓar Dingle ta Kerry yana jin harshen Ayalan tun yana yaro, kuma shi kansa mabushin algaita ne. A shekarun 1860 ya rubuta karuruwa fiye da dubu biyu, da yawansu daga wani makahon mabushi mai suna Tom Kennedy. Rubutun ya kwanta a ɗakin karatu na kwalejin Trinity da ke Dabilin fiye da shekara ɗari kafin a fara buga shi a 1998. Idan kun busa jig daga Goodman za ku ji yana zama a ƙarƙashin yatsu ba tare da kokawa ba, domin wanda ya rubuta shi ya san inda yatsun mabushi suke iya kaiwa.

Babu wanda zai yi maganar tattara kiɗan rawar Ayalan ya tsallake Francis O'Neill. An haife shi a 1848 a Tralibane kusa da Bantry a yammacin Cork, ya bar gida yana matashi ya shiga aikin jirgin ruwa, ya ƙare a Shikago inda ya shiga aikin ɗan sanda a 1873, ya kuma zama shugaban 'yan sandan birnin daga 1901 zuwa 1905. Yunwa da talauci sun watsa makaɗan kowane yanki na Ayalan zuwa biranen Amurka, ta yadda a Shikago mutum zai iya jin mai gogen Mayo da mabushin Kerry a dare ɗaya, abin da da wuya ya samu a gida. O'Neill yana busa sarewa, yana da ƙwaƙwalwa mai riƙo, amma bai ƙware a rubutun kiɗa ba. Wanda ya riƙe alƙalami shi ne Saje James O'Neill, mutumin Down, wanda suna kawai ya haɗa su. Francis yakan busa abin da ya tuna daga ƙuruciyarsa, ko ya kawo makaɗin da ya gano, James ya rubuta, a sake kaɗawa a gyara. A 1903 suka fitar da littafi mai karuruwa 1,850, a 1907 kuma suka fitar da na kiɗan rawa zalla mai 1,001, wanda a cikinsa akwai jig fiye da 400 da ril 350. Wannan na biyun ya shiga gidajen makaɗa a Ayalan da Amurka har ya zama ma'auni, ana tambayar ko kari yana cikin littafin ko ba ya ciki.

Ina girmama wannan aiki matuƙa, kuma saboda haka nake karanta shi da idon basira. O'Neill bai tsaya ga abin da ya ji daga bakin makaɗa ba, ya ɗebo daga tsofaffin littattafai ma, ciki har da wani babban kundi da aka buga a Boston a 1883, kuma wani lokaci ya canja suna, ko ya raɗa wa karin da ya zo masa ba suna. Bai ware wa polka wani sashe ba, alhali a lokacin ana taka ta a kudancin ƙasar da ya fito, kuma hakan yana nuna cewa akwai abin da mai tattarawa yake ɗauka a matsayin na gado da abin da yake ɗauka a matsayin baƙo. Akwai kuma matsalar da ta fi shafar yatsunmu kai tsaye. Tsofaffin makaɗa sukan fitar da sautin C, wani lokaci da F, a wani wuri tsakanin na ƙasa da na sama, su kuma zame da shi, rubutun kiɗa na makaranta kuwa dole ya zaɓi ɗaya. Saboda haka za ku ga kari a littafin da alamar C ta sama, ku ji makaɗan yankin da ya fito suna busa ta ƙasa. Rakish Paddy misali ne mai kyau, domin daɗinsa duka yana cikin wasan da ake yi tsakanin C da D. Na koyi fitar da C ta ƙasa a sarewata ta hanya biyu, ko in buɗe ramin sama in rufe biyun da ke bin sa, ko in rufe rabin ramin sama kawai, kuma hanya ta biyu ce take ba ni damar zamewa zuwa sama kamar yadda nake ji a tsofaffin faya-fayai. Har yanzu ba ta fita da tsabta idan na ƙara sauri, amma a hankali tana zama.

Bayan littafi sai faifan garmaho ya karɓi ragama. Michael Coleman, mai goge daga Killavil a kudancin Sligo, wanda aka haifa a 1891 ya rasu a 1945, ya yi faya-fayai a Niyu Yok tun daga farkon shekarun 1920, tare da 'yan yankinsu James Morrison da Paddy Killoran. 'Yan ci-rani suka riƙa aiko da su gida, matasa suka zauna gaban garmaho suna kwaikwayo sauti bayan sauti. Fuskar faifai ɗaya ba ta wuce kimanin minti uku, sai makaɗan suka riƙa jera kari biyu ko uku a ciki, kuma jerin da Coleman ya yi a 1934, Bonnie Kate a bi shi da Jenny's Chickens, har yau haka ake jan sa a wurare da yawa. Shi kansa Bonnie Kate daga wani ril na Sikotlan ya samo tushe. Faifan ya adana abin da takarda ta kasa riƙewa, wato nauyin baka da numfashi da adon sauti, amma ya yi ɓarnarsa shi ma, domin salon Sligo ya danne salon ƙananan yankuna da yawa, masu gogen ƙauye suka fara raina abin da suka gada. A daidai wannan lokaci dokar ɗakunan rawa ta 1935 ta wajabta lasisi ga duk taron rawa na jama'a, abin da ya raunana rawar cikin gida da ta mararraba, inda karuruwan suka girma tun farko.

Masu tattarawa na ƙarni na 20 sun gyara abubuwa da yawa. Séamus Ennis, gwanin algaita, ya yi wa hukumar adana al'adun gargajiya ta Ayalan aiki daga 1942 zuwa 1947, yana yawo a kan keke da alƙalami da takarda a Connemara da Donegal da sauran yankunan yamma, kuma da yake shi makaɗi ne yakan koyi karin a gaban mai shi har mai shi ya yarda an kama daidai. Wanda na ɗauka a matsayin malamina a wannan aiki shi ne Breandán Breathnach, ma'aikacin gwamnati a Dabilin wanda ya rayu daga 1912 zuwa 1985. Littafinsa na farko ya fito a 1963 da karuruwa 214, na biyu a 1976, kuma a wannan na biyun polka ta samu gurbinta. A kan kowane kari yakan faɗi makaɗin da ya ba shi, da abin kiɗan da ya yi amfani da shi, da sauran sunayen da aka san karin da su, da tsofaffin littattafan da ya taɓa fitowa a ciki. Ya tara karuruwa fiye da dubu bakwai, kuma tarin nasa yana cikin abin da aka kafa taskar adana kiɗan gargajiya ta Ayalan a kansa a 1987 a Dabilin.

Daga gare shi na ari dabarar da ta fi yi mini amfani. Sunan kari ba abin dogaro ba ne: kari ɗaya yana iya ɗaukar suna biyar, suna ɗaya kuma ya hau kan karuruwa uku da ba su haɗa komai ba, wasu ma sunan wanda aka ji su a wurinsa kawai ake liƙa musu. Paddy Fahey na gabashin Galway bai raɗa wa ko ɗaya daga cikin karuruwan da ya ƙaga suna ba. Breathnach ya warware wannan ta hanyar katuna, inda yake ɗaukar sautukan da bugu ya faɗa a kansu a gaɓa biyu na farko ya mayar da su lambobi, ya jera katunan bisa lambobin. Ado yana canjawa daga makaɗi zuwa makaɗi, amma sautukan da ke ɗauke da bugu ba su cika motsi ba. Na buɗe shafuka a bayan kundina ina yin haka, kuma tuni na gano karuruwan da na koya da sunaye daban-daban alhali abu ɗaya ne, na kuma ga wani jig da wata polka da suke tafiya a kan ƙashi ɗaya, awo kawai ya raba su.

Ga yadda nake ɗaukar sabon kari yanzu. Ina fara sauraron makaɗi ɗaya tak, wanda na san yankinsa, har in iya rera karin da baki daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda mutanen karkarar Ayalan suke rera wa masu rawa idan babu makaɗi a kusa. Sai in ɗauki sarewa in nemi sautukan ba tare da ado ba, a hankali ƙwarai. Bayan haka ne nake buɗe littafi, in duba O'Neill, in duba Breathnach ko Goodman idan karin yana wurinsu, in sa alama a duk inda takarda ta saɓa wa kunne. A jig na samu ci gaba a mirgina dogon sauti, wato a busa shi, a ɗaga yatsa na sama a mayar cikin ƙiftawar ido, sannan a buga yatsa na ƙasa. A kan G da F yana fita sumul, a kan A da B kuwa hannun hagu bai gama sakewa ba. Numfashi shi ne babban aikin da ke gabana a ril, domin babu wurin hutu a rubuce, dole mabushi ya zaɓi sautin da zai sadaukar ya shaƙi iska a gurbinsa ba tare da bugu ya karye ba. Na lura tsofaffin mabusan Sligo da Roscommon ba sa shaƙa a wuri ɗaya a kowane zagaye, kuma wannan canjin wuri yana cikin abin da yake sa karin ya zama sabo duk lokacin da ya dawo.

A zango mai zuwa zan koma Sliabh Luachra, in bi polka ta hannun Pádraig O'Keeffe, malamin makaranta da ya bar aji ya zama malamin goge mai yawo har rasuwarsa a 1963, wanda yake rubuta wa almajiransa kari da wasu lambobi nasa na kansa masu nuna tsirkiya da yatsa da inda baka zai juya. Almajiransa Denis Murphy da 'yar uwarsa Julia Clifford sun bar faya-fayai, saboda haka akwai damar a gwada rubutun malami da hannun almajiri. Wanda duk yake da wata polka ta wannan yanki a kundinsa, ina roƙon ya rubuto mini sautukan bugu na gaɓa biyu na farko, tare da sunan makaɗin da ya koya daga faifansa, domin in gwada su da nawa.